Gwaggo Akanisi Ta Ajiye Filafili

Da asuba, in teku ya ja baya, Gwaggo Akanisi kan tura kwale-kwalenta cikin tafkin ƙauyenmu. Sanda bayan sanda take bi, tana sabunta ganyen kwakwar da ke nuna iyakar inda aka hana kamun kifi. Tun ina da gashi a ka take wannan aikin, ba albashi.

Muna yara, ƙafa kawai za ka tsoma ka taka ƙaguwa. Muka girma, muka tace ruwan da raga har zalɓe ya yi fushi ya bar mana garin. Dattawa suka rufe tafkin, sai dai in an yi babban rashi a buɗe don ciyar da masu makoki. Tsaron ne kowa ya noƙe, ita ta karɓa.

Ranar da mijinta ya rasu, dattawa suka ce a buɗe don girmama shi. Lokacin kuwa kifi na zuba ƙwai. Ta ce a'a. Ƙanen mijin, Sakiusa, ya miƙe a gaban jama'a.

"Haba matar yaya! Da kifin gwangwani za ki sallami baƙin yayana?"

"Zauna, Sakiusa. Da ransa ma bai taɓa kamo wanda ya fi na gwangwanin girma ba."

Aka yi dariya cikin hawaye, aka ci rogo da gwaza. An daɗe ana yi da ita a ƙauyukan maƙwabta, ta shanye.

Gwaggo, ke ce katangar da ba a gani. Saboda ke kunkurun teku ya dawo kiwo, jikokinmu suka san ƙaguwa ba a hoto ba. Mun gode, Allah ya saka.

Yanzu gwiwa ta ƙi, Gwaggo ta ajiye filafilin tuƙa kwale-kwalenta, har wasu sun fara cewa a buɗe tafkin tunda babu mai tsaro. Na je na ce ni zan gaje ta. Ta dubi tumbina, ta dubi kwale-kwalen.

"Ɗana, mutum ɗaya yake ɗauka."

To, samarin ƙauyenmu marasa tumbi, filafilin na jingine a ƙofarta. Wani ya je ya ɗauka kafin ganyen ya bushe.