Hayaƙin Banɗakin Alhaji

Har gobe ban manta ranar da na zauna ina yi wa dattijo lacca a falonsa ba. Lokacin ina ma'aikacin gyara a wani benen haya a Hyattsville, can Amurka. Duk abin da ya shafi iska, bututu, fanka da filta mai tace iska, a wuyana yake.

Wata nas 'yar Kafanchan, Sista Rahila, ta kai ƙara ofis cewa warin taba na shigowa ta banɗakinta. 'Yarta kuma tana da asma. Manaja ta ce in je in gyara.

Ga ku sababbi a wannan aikin, ku san wannan. Filta mai arha ƙura da gashi take tarewa. Hayaƙin taba ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, masu maiƙo. Ba sa faɗuwa ƙasa da wuri, yawo suke a iska, kuma suna ratsa ta kamar ruwa a kwando. Filta mai ƙananan ƙofofi tana kama su, amma tana wahalar da injin iska. Shi kuwa wari, sai filta mai gawayi.

Na bi bututu. Banɗakin Sista da na ƙasa da ita hanya ɗaya suke fitar da iska. Da na buɗe murfin fankar banɗakin ƙasa, sai ga maiƙo ruwan goro. Wayyo! Gidan Alhaji Tanko ne, dattijo ɗan Kumasi, wanda ke jan mu salla in liman bai zo ba.

Ni Sabi'u in dubi sa'an ubana in ce yana shan taba a ɓoye? Na je dai. Muka gaisa, na tambayi iyali, na sha shayi, na fito. Na haye sama na sa wa Sista filta mai tsada, ina ta cika baki. Na dawo na ƙara mai gawayi. Wari ya ragu, tarin yarinyar bai tsaya ba.

Rannan Sista ta tare ni a matakala, idonta jawur.

"Malam Sabi'u, jiya a asibiti muka wuni. Ina filtar taka?"

Kunya ta kama ni. Na koma wurin Alhaji da shirin in bi ta bayan gida. Na fara da girman ƙwayar hayaƙi. Na zana bututu a iska da yatsa. Na ce wai "wani bawan Allah" ne a benen nan, ban san ko wane ne ba. Ina zuba, ina gumi.

Alhaji ya ajiye kofi.

"Yaro, duk wannan karatun don ka ce in daina shan taba a banɗaki ne?"

Na ce, "A'a Baba, wato..."

"Na ɗauka fankar waje take kai shi. Ina yake zuwa?"

"Ɗakin yarinyar Sista."

Ya ce, "Mai tarin nan? Ina jin ta, har addu'a nake yi mata. Ka sha shayina ka tafi ba ka faɗa ba?"

Ya tashi ya sa hula, ya haye sama da kansa ya ba uwar haƙuri. Daga ranar a can bayan wurin ajiye motoci yake sha, kowa na gani.

Saboda haka in kun gano inda hayaƙi ke fitowa, ku ƙwanƙwasa ƙofa, ku gaisa, ku faɗa. Ni duk ilimina a kan filta ya ƙare, yarinya kuwa tana sama tana tari.