Tsayuwar Baba Ummaru Ba Ladabi Ba Ce

Da daminar bana Baba Ummaru ya cika shekara ashirin da shida da rasuwa. Allah ya kyauta makwanci. Wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni da ƙanwata da Innarmu a 'Yankuzo bayan mahaifinmu ya rasu, kuma har gobe ba na jin kunyar yin tinƙaho da shi.

Mutum ne mai ƙafa. Ranar kasuwar Tsafe a ƙasa yake zuwa, yana tafe yana gaisawa, ya tambayi mutum iyali da shanu da ruwa bai rage sauri ba, sai dai mai gaisuwar ya bi shi da sassarfa. Kansa kuwa rumbu ne. Babu gonar da bai san iyakarta ba, har da tamu, wadda maƙwabcinmu ya daɗe yana haɗiyar miyau a kanta don ya ga magadan mata ne. Ba mu da wata shaida sai tsohon nan.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba sai Baba ya sake hali. In an gaishe shi a hanya sai ya tsaya cak, ya amsa, ya gama, sannan ya ɗaga ƙafa. Mutane suka yi ta yabo, wai tsufa ya ƙara masa ladabi. Ni ma da na zo ganin gida daga Gusau na zolaye shi, na ce, "Baba, yaushe ka fara ganin girman mutane?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ba ladabi ba ne. Da, ƙafa da baki tare suke aiki. Yanzu in ɗaya na yi, sai ɗaya ya jira. Ba ƙafar ce ta gaji ba, mai ba ta umarni ne."

Wallahi na ji haushi. Mutum lafiyarsa lau, yana cin tuwo, yana noma, bai taɓa rikita raka'a ba, me ya kai shi yi wa kansa mugun fata? Na faɗa masa haka, bai ko kula ni ba, ya ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ruwa na sauka ya tara mai gari da liman da shi maƙwabcin, ya aika Bungudu aka kira ƙanin Inna. Ya zagaya gonarmu da su, in zai yi bayani ya tsaya, in zai taka ya yi shiru, ana bin sawunsa ana dasa gamba a kan iyaka.

Kafin shekara ta zagayo sunaye suka fara ɓace masa. Ai kuwa maƙwabci ya taso, wai tsoho ya ruɗe, shaidarsa ta faɗi. Mai gari ya ce masa, "Ran da aka dasa gambar nan kana tsaye, kuma da hankalinsa ka same shi." Nan maganar ta mutu. Hatsin gonar nan shi ya ciyar da Inna har ƙarshen ranta.

Yanzu likitoci kan ce a lura da tafiyar tsoho ko da lafiyarsa ƙalau, domin tafiya da tunani a haɗe suke, kodayake ba duk mai tsayawa ne zai ruɗe ba. Ni abin da nake alfahari da shi ba ganewar ba ce kawai. Tsofaffi da yawa sukan ji a jikinsu su ɓoye, shi kuwa ya ƙi karɓar yabon da ya san ba nasa ba ne, ya faɗi rauninsa da bakinsa don kada marayu su rasa. Da zai ga samarin yau suna tsallaka titi suna latsa waya suna hira, na san ce musu zai yi su more, aro aka ba su.

Bai bar dukiya ba. Gambar dai tana nan, da rani a yanke ta, da damina ta tsiro.

Makon jiya a kasuwar Gusau wata ta gaishe ni, sai na ga na tsaya cak. Ta ce, "Hajiya akwai mutunta mutane." Na yi mata godiya. Ina isa gida na kira ɗiyana, na ce su shirya, za mu je in nuna musu gamba.