Yaya Aina'u da Jadawalin Huɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga Afrilun bana, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Aina'u Zubair, yayar mijina, a wani asibiti a Kano, bayan gajeriyar jinya. Da la'asar aka kai ta makwancinta a nan ƙauyenmu, kusa da Minjibir.

Yaya Aina'u, ba daga ranar rabuwarmu zan fara ba. Zan fara daga wata ranar bazara, shekara biyu da suka wuce, ina amarya, da na shigo sashenki in sa cajin waya. Ina tsakiyar karanta wani littafi ne, jarumin yana kwance rai a hannun Allah, ni kuwa har idona ya kawo ruwa. Kika dube ni kika yi dariya, kika ce, "Amaryar Munir, ara mini datarki. Wannan jarumin naki ba zai mutu kafin gobe ba."

Na ba ki, raina bai so ba.

Kina koyar da kwamfuta a sakandare, amma abin da ya dame ki a lokacin shanun huɗa ne. Ƙungiyar manoman garinmu shanunta kaɗan ne, gonaki kuwa ga su nan manne da juna. Da an yi ruwan shuka kowa yana son a fara da shi. Masu baki su samu, marasa baki su jira har ƙasa ta bushe. Inna Hure, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kullum ita ce ta ƙarshe, geronta ba ya kai ta ko tsakiyar rani.

Kika bayyana mini cewa kin riga kin rubuta wa kwamfuta sharuɗɗan aikin: a fara da jigawa don ta fi saurin bushewa, shanu su huta idan rana ta take, babu huɗa lokacin Juma'a. Sai dai manhajar da kika rubuta su a ciki ba ta iya warware komai ita kaɗai, tana buƙatar wata manhajar, wadda kika kira solba. Kika ce garma ce a hannunki, shanun da za su ja ta kike son saukowa da su daga intanet.

Muka ɗora wayata a kan rumbu, inda sabis ya fi kamawa. Abu ya yi ta yankewa muna sake farawa. Da ya sauka kika girka shi, sai allo ya cika da jan rubutu, wai ba a ga solba ba. Ni na ɗauka an yi asarar datata. Ke ko gezau. Kika ce mun kawo shanu mun ɗaure a bayan gida, ba mu faɗa wa mai garma inda suke ba. Kika sa ni, da yatsuna, na rubuta layin da ke nuna hanyar. Na danna. Kafin in gyara ɗankwalina, sunayen gonakin garin nan kaf sun jeru, kowace da ranarta da shanunta. Abin da dattawa ke kwana biyu suna jayayya a kansa. Tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa karanta shafin da ya yi mini haka ba.

Amma jadawalin farko bai kai ko'ina ba. Ya sa gonar wani manomi mai suna Ɗanliti gaban ta surukinsa, Ɗanliti ya ce ko da wasa ba za a huɗe masa ba surukinsa na jira. Ya bar masa ranarsa. Wani ma ya bar wa kawunsa, wani ya bar wa malaminsa. Kara ta wargaza komai, Inna Hure ta sake komawa ƙarshe.

Ba ki zagi kowa ba, ba ki ce mutanenmu sun ci baya ba. Cewa kika yi laifinki ne, domin kunya ma sharaɗi ce, ke ce ba ki rubuta ta ba. Da damina ta zagayo kika ja ni muka bi gidaje, muna jin ta bakin mata wa ke jin nauyin wa. Kina tsokanata wai ai mai karatun littattafai ba a ɓoye mata dangantaka. Muka shigar da surukuta da girman kawu cikin kwamfuta, kika ƙara sharaɗi guda da ba ya tanƙwaruwa: gonar marayu ba za ta wuce kwanakin farko ba. Solba ya ɗan jinkirta, sannan ya amsa. Babu wanda ya ji kunya, babu wanda ya bar ranarsa. Bara Inna Hure ta cika rumbunta, ta aiko miki da damin gero, kika rabar.

Har yau ina mamakin zuciyar da ta iya koya wa ƙarfe kara.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowace kunya da aka huɗe a kan lokaci ta zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Malam Zubair da Inna Larai, ga mijinki Malam Nababa, ga 'yarki Raudatu, ga ɗalibanki, da mijina Munir wanda har yanzu yake juyawa idan an yi sallama da murya irin taki. Allah Ya ba mu haƙuri.

Makaranta ta karɓi kwamfutarta da kike aiki da ita, ita kuma kwamfutar da ke hannun ƙungiya babu solba a cikinta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shekaranjiya Inna Hure ta tambaye ni a hankali ko bana za a koma irin ta da. Jiya na ɗora wayata a kan rumbun nan, na sauko da solba na girka shi a kwamfutar ƙungiya, jan rubutu ya fito, na nuna masa hanya. Na faɗa wa Munir, shi kuma ya kai wa shugaban ƙungiya: jadawalin huɗar bana, ni Kulu, ni zan fitar da shi.