Yadda Na Kai Surukina Yamai Aka Yi Masa Aikin Baya

Litinin: Dakoro zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da surukina, mahaifin matata Hadiza. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a rubuce. Baba nake ce masa, shi kuma Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, don ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Dakoro. Tun ranar Asabar aka ɗauko shi daga Korahane ya kwana biyu wurinmu.

Baba ya fi shekara talatin yana haƙar rijiya, irin rijiyoyinmu na arewa waɗanda sai an ɗaura wa raƙumi igiya kafin guga ya fito. Da girma ya zo, bayan nasa ya ce bai san zancen ba. Ƙafafunsa suka riƙa mutuwa, in ya yi ɗan taku sai ya nemi wurin zama, har sau biyu yana faɗuwa a hanya. Wata huɗu muka yi muna jiran ranar da aka ba mu ta ganin wani Furofesa a Yamai, likitan ƙashin baya wanda kuma yake koyarwa a jami'a. Ƴaƴan Baba maza suna ci-rani, ni ke jin Faransanci, ga shi ana babban hutu, don haka rakiyar ta faɗo kaina.

A zaure Hadiza ta riƙe mini hannun riga.

"Don Allah kada ka bari shi ce masu da sauƙi," in ji ta. "Sau biyu ke nan ana maido shi da ƙwayoyi sabili da maganag ga."

"To, ƙaryata shi zan yi gaban mutane?"

"Kai dai ka san dabara. In anka sake maido shi, ƙahwahun nan sun tahi ke nan."

Ta faɗi gaskiya, kuma abin ya tsaya mini a rai. Mu nan ko mutum yana jin jiki kamar me, in an ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Baba kuwa ya fi kowa iya wannan. A ganinsa faɗin ciwo rashin godiya ne ga Allah. Ni kuma tun da na auri ƴarsa ban taɓa musa masa ko da kan farashin goro ba.

Ƙarfe shida motar ta cika. Direba ya ba Baba gidan gaba, ni na matsu a baya tsakanin buhun wake da wani dillalin awaki. A bakin gari jandarma suka duba takardun shaida, muka wuce. Damina ta yi kyau, gero ya kai gwiwa dama da hagu, har Baba ya riƙa nuna wa direba gonar da aka yi wa noma da wadda mai ita ya yi lalaci. Mun ɗan tsaya a Kornaka aka sauke buhuna. Kilomita wajen ɗari da ashirin ne zuwa Maraɗi, mun shiga gari ƙarfe tara da minti arba'in.

Gidan abokina Alhaji Lawali mai sayar da hatsi muka sauka. Aka kawo tuwon gero miyar kuka da man shanu a akushi ɗaya. Ni da ban karya ba, ƙamshin ya kusa kayar da ni, amma wa ya taɓa ganin na sa hannu a kwano ɗaya da suruki? Na miƙe na ce zan je yankar tikiti. Alhaji ya biyo ni waje yana ƙyalƙyala dariya.

"Daga nan har Yamai azumi za ka yi, Mushe? Koma ta baya, an aje maka naka."

Talata: Maraɗi zuwa Yamai

Babbar mota ta tashi ƙarfe biyar daidai. Kilomita ɗari shida da sittin ne a gabanmu, ko fiye da kaɗan. Gari ya waye mana bayan Gidan Runji, muka wuce mararrabar Madawa, da Galmi, da Malbaza. Tun daga nan na lura Baba ya sunkuya ya ɗora goshi a bayan kujerar gabansa, kuma in yana haka fuskarsa takan saki. Wani fasinja ya leƙo ya ce, "Sannu Baba, yaya jikin?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ƙarfe tara da rabi muka tsaya Birnin Ƙonni. Na kai wa Baba shayi da burodi, ni kuma na sayi kilishin dala ɗari na zagaya bayan mota na cinye a tsaye ina waige-waige.

A shingen da ke gaban Dogon Dutsi aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Na ce bari in roƙa masa a bar shi a ciki, ya ce shi ba gurgu ba ne. Na ƙirga takunsa, ashirin da uku, sai ya tsuguna a bakin kwalta yana yi kamar yana gyara takalmi. Wani jandarma ya gani, ya zo da kansa ya duba takardarsa a nan inda yake. Da muka tsaya sallar azahar, a zaune ya yi ta. Na kawar da kai, don na san ba ya son in gani, amma zuciyata ta karye.

Doso ƙarfe uku, Yamai biyar da rabi. Hajiya Rabi, ƴar ƙanin Baba, unguwarzoma ce a can, ita ta tarbe mu a tasha ta kai mu gidanta. Ita ce ta fara ba ni labarin Furofesa. Ta ce ɗan ƙauye ne daga ƙasar Maraɗi, ya yi karatun likita a nan Yamai, ya tafi waje shekaru ya koyo aikin ƙashin baya, aka so riƙe shi can ya ƙi. Yanzu kwana biyu yana fiɗa, kwana biyu yana koyarwa, ranar Laraba yana duba marasa lafiya.

Laraba: asibiti

Ƙarfe bakwai muna kan benci, kuma mun tarar da mutane sun fi arba'in. Sai sha ɗaya saura aka kira mu. Ba Furofesa muka tarar ba, wata likita ce cikin masu koyon ƙwarewa, wadda aka kawo sashen a makon nan. Ita ke tace mutane, ta ware waɗanda za su gan shi. Mace ce mai ladabi, ta gaida Baba da Hausa.

Ku zo ku ga Baba! Ya shiga a miƙe kamar soja, ya ajiye sanda a bakin ƙofa.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, ɗiyata."

"Kuna tafiya?"

"Ina tahiya, alhamdu lillahi."

"Barci fa?"

"Lahiya lau."

Ta buga masa ƴar guduma a gwiwa, ta yi rubutu, sannan ta juyo ta ce mini da Faransanci akwai waɗanda suka fi shi jin jiki, za ta rubuta magani, mu dawo bayan wata shida. Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ta rubuta. Baba yana zaune gefena, gwiwarsa tana kusan taɓa tawa. Na sunkuyar da kai, na ce mata da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa: "Madam, ba gaskiya ya faɗa miki ba. Ba ya taku talatin. Ya faɗi sau biyu. Ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba." Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba.

Ta ajiye biro, ta dube ni, ta dubi Baba, ta fita. Bayan minti goma ta dawo da wani gajeren mutum mai furfura a gemu, yana tafe da sauri. Furofesa ke nan.

Bai ce yaya jiki ba. Ya jawo kujera ya zauna daf da Baba, ya tambayi damina, ya tambayi sana'a. Da ya ji rijiya sai ya gyara zama.

"Wace ta hi zurhi cikin waɗanda kunka gina?"

Baba ya washe baki ya shiga ba shi labari, gaba nawa, wata nawa. Furofesa ya bar shi ya more, sannan ya ce:

"Daga gidanku zuwa masallaci, wuri nawa kuke zama?"

"Ukku," in ji Baba ba tare da wani tunani ba. "Gindin aduwa, da dakalin Tanko, da wani turmi da anka kihe."

"Bara war haka fa?"

"Guda."

"Cikin salla, tsayuwa ta hi maku daɗi ko ruku'u?"

"Ruku'u. In na duƙa kamar in yi ta zama nan."

"Rabonku da ku kai Fatiha ƙarshe a tsaye?"

Baba ya ce, "Tun azumin da ya wuce."

"In kun hau jaki?"

"Ko Dakoro sai in je."

Furofesa ya juya ga likitar ya yi mata bayani a hankali, ba faɗa. Aka tura mu ɗaukar hoton baya a babbar na'ura. Washegari ya ɗaga hoton ya nuna wa Baba inda hanyar jijiyoyi ta tsuke a ƙasan baya. Ya ce kamar rijiya ce da bangonta ya zubo, guga ba ya wucewa sai da ƙyar.

"To, yasa za a yi ke nan," in ji Baba.

"Yasa za mu yi, Baba."

Da muka fito na tsaya yi masa godiya, na ce tambayoyinsa sun ba ni mamaki. Ya ce ai aikin da ya fi cin ransa ke nan. Takardar tambayoyin da ya koyo a waje tana tambayar mutum ko yana iya hawa bene, ko sa safa, ko tuƙa mota. "Tsohuwar da ke ƙauyen Bader Goula ina ta ga bene?" in ji shi. Shi ya sa shi da ɗalibansa suka yi shekaru suna zaga ƙauyuka suna zama da manoma da makiyaya da mata, har suka tsara tasu: salla, daka, jan guga, noma, hawan dabba. Ya ce ya gane mutanenmu ba sa kai ƙarar jikinsu, amma in ka ce su ƙirga maka abu, ba za su yi ƙarya ba. Yanzu yana rubuta abin don likitocin ƙauye su riƙa amfani da shi, a daina mayar da irin su Baba gida. Na ce masa ni ma zan gwada dabarar a kan iyayen ƴan ajina, ya yi dariya ya wuce.

Zaman Yamai

Bayan kwana takwas aka yi aikin. Ƙarfe takwas aka shiga da shi, sha ɗaya da rabi aka fito. Ni da Hajiya Rabi muna ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, carbina ya sha wuya. Washegari da hantsi aka tayar da shi tsaye, ya taka har bakin ƙofa ya dawo. Kwana biyar aka sallame mu, muka ƙara mako biyu a gidan Hajiya, kullum da safe yana zaga tsakar gida yana mitar an bar gonarsa hannun maƙwabta. Na sha dambun zogale har na yi ƙiba, na kuma je na ga kogi sau biyu.

Ranar da aka cire zare Furofesa ya kafa masa doka: ya tsaya iya son ransa, ya yi tafiya kullum, amma ban da duƙawa da ɗaukar kaya har wata biyu. Ruku'u da sujada a kan kujera zai yi su. Rijiya kuwa ko leƙe.

Komawa gida

Saboda bayan, kashi uku muka yi wa hanyar. Muka kwana Ƙonni, muka kwana Maraɗi wurin Alhaji Lawali, ranar Alhamis ƙarfe goma sha biyu muka iso Dakoro. Hadiza ta shiga motar, muka zarce Korahane, muka isa ana kiran la'asar.

Baba ya sauka a ƙofar gidansa, ya yi alwala, ya ce a kai masa kujera masallaci. Ya kama hanya, ni ina bayansa da ɗan nisa, ga mutane sun fito suna ta barka da zuwa. Bai zauna ko'ina ba. Aka ta da salla, na tsaya a sahu na biyu daidai bayansa. Allah ya gafarta mini, ban san abin da na karanta ba, idona yana kan dugadugansa. Raka'a huɗu, duk tsayuwar da liman ya yi da shi aka yi ta.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Lawali, da Hajiya Rabi, da likitar da ta saurare ni, da Furofesa, Allah ya ƙara masa lafiya da basira.

A hanyar komawa daga masallaci Baba ya rage sauri har na cim masa. Bai dube ni ba.

"Mushe."

"Na'am, Baba."

"Shekara bakwai na yi ina gina rijiyoyi da wani Nasara. Ban iya maida Faransanci, amma ina jin shi."

Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ci gaba.

"Ka ƙaryata ni gaban ɗiyar mutane."

"Ku yi haƙuri, Baba."

Ya yi taku uku ko huɗu. Sannan ya ce, "Allah shi yi maka albarka," ya shige gida ya bar ni riƙe da kujera.