Direbobi Biyu a Ɗakin Kunne

Shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ne tsakanina da Kunne. Ni tela ne, shagona yana kallon titi. Ɗakinsa na ɗaukar waƙa yana baya, sai ka bi ta gefen kekena ka sunkuya, don ƙofar an yi ta ne tun mutane ba su fara tsawo ba.

Ba a gidansu aka raɗa masa Kunne ba, mu muka raɗa masa. Mutum ne da zai tsaya a bakin shagona ya ce, "Tela, allurarka ta gaji," in ce masa ya kama gabansa, kafin in gama hannun riga ta karye. Ya taɓa korar wani mawaƙi daga gaban makirfo saboda cikinsa yana ƙugi. Ya ce ya je ya ci abinci ya dawo, shi bai yi alkawarin ɗaukar murya biyu ba.

Ɗakin nasa bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Bangon duk kwalayen ƙwai ne, ga tsohuwar katifa an kafa ta a bayan ƙofa, ga kwamfuta mai launin toka da ɗan allonta kamar faranti. Allon bai taɓa damunsa ba, domin ido rufe yake aiki. In ka leƙa ka gan shi ya kifa kai, ka rantse gyangyaɗi yake, alhali yana can yana farautar numfashin da mawaƙi ya ja a inda bai kamata ba.

Mawaƙan yanzu ne suka ɓata shi. Su da ido suke jin waƙa. Su shigo, su dubi ɗan allon nan, su dubi juna, su ce za su dawo. Rannan sai ga Kunne da manyan alluna biyu a kafaɗa. Kwamfutar ta ce ita ba ta san zancen ba, allo ɗaya ta iya ɗauka. Sai ya sayo katin hoto, wato ƙarfen da ake soka wa kwamfuta a ciki don ta iya zana hoto a manyan alluna. Na hannu ne, girmansa ya kai takalmin ƙato, fanka uku a jikinsa. Ya ɗora, alluna suka kama, ɗaki ya haskaka. Ya kira ni in gani.

"Ya ka gani, Tela?"

"Na ga jirgin sama," na ce. "Saura fasinja."

Fasinjan farko kuwa surukinsa ne.

Baba Direba ake ce masa. Shekara talatin da biyar ya yi yana jan babbar mota, ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma ba ya barin ka bar wurin ba ka ji wannan ba. Tun da Kunne ya auri 'yarsa, Malama, tsohon bai taɓa yarda cewa surukinsa yana da sana'a ba. "Mai danne-danne" yake kiransa. Yana da wata waƙa da ya ƙaga da kansa, wadda yake rerawa a doguwar hanya don kada barci ya sace shi. Duk 'ya'yansa da ita aka yi musu reno. Waƙar tana da giya kamar mota: ta tashi a hankali, ta ja, ta hau tudu, ta gangara.

To, likita ya ce za a yi wa tsohon aiki a maƙogwaro ranar Laraba, kuma bai ɓoye ba: zai warke, amma muryar da ya shiga da ita ba lalle ya fito da ita ba. Malama ta yi kwana uku tana lallashinsa ya zo a ɗauki waƙar. Ya yarda da ƙyar, ya ce Litinin da safe, kuma shi ba ya maimaita hanya.

Litinin ya zo da babbar riga, ya sunkuya ya shiga, ya dubi kwalayen ƙwai.

"Ashe kiwon kaji ma kana taɓawa?"

"Don sauti ne, Baba."

"Uhm."

Ya tsaya gaban makirfo, ya gyara murya, ya ɗauko waƙa. Ni ina daga ƙofa, har na manta da almakashi a hannuna. Aka gama, Kunne ya kunna a ji. Murya ta fito garau, sai can: ƙas. Ta ci gaba, sai ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye a tsakiyar waƙar.

Kunne ya tashi tsaye. Wanda ya fara shan zargi ni ne.

"Tela, kekenka ne."

"Ina tsaye a gabanka, keken shi kaɗai yake ɗinki?"

Duk da haka sai da ya je ya zare wayar kekena daga bango. Aka sake. Ƙas. Ya kashe fanka. Ƙas. Ya roƙi mai sayar da ruwan sanyi na kusa da mu ya kashe firji. Ƙas. Ya sa Malama ta cire awarwaronta ta riƙe a jaka. Ƙas-ƙas. Tsohon da ba ya maimaita hanya ya maimaita ta sau huɗu, gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

Na ce, "Kunne, kafin ka sa wannan takalmin a cikin kwamfuta, ana jin haka?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Katin hoto ne fa. Hoto! Me ya haɗa ido da kunne? Ka taɓa ganin wanda ya sa tabarau ya kurmance?"

Ni ma maganar ta shige ni.

Sai ya ja matarsa gefe yana raɗa, ni kuwa kunnena ba laifi. "Ina ganin haƙoran Baba ne."

"Haƙoran wa?"

"Na robar nan. In ya buɗe baki sosai suna motsi. Ko za ki ce masa ya ɗan ajiye su?"

"Kai ka faɗa masa, ba kai ne mai kunne ba?"

Tsohon yana jinsu. Ya sa hannu ya zaro haƙoran, ya ɗora su a kan teburin kusa da maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya koma ya rera waƙar da dasashi. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, don ina ganin girmansa. Kuma ƙas ɗin yana nan daram.

Nan Kunne ya sallama, ya kira Injiniya, matar da ke gyara masa kwamfuta. Ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta tambaye shi abin da ya canza, ya faɗa. Ta ce ya ja maus ɗin yayin da waƙa ke tafiya. Ya ja: ƙas-ƙas-ƙas. Ya tsaya: shiru. Ya ja: ƙas.

"Shi ke nan," in ji Injiniya. "Direba ne matsalarka."

Baba Direba, da yake mayar da haƙoransa, ya tsaya cak.

"Tsohon direba ne, zamaninsa ya wuce," ta ci gaba. "Ya hau hanya ya tare, ba ya ba kowa hannu, sauti na bayansa yana jira. Irinsu ba sa jituwa da kowa. Ka fitar da shi gaba ɗaya ka huta."

Ni na san ba da tsohon take ba, amma ban san da wa take ba. Kunne ya sani sarai, sai dai kafin ya yi bayani tsohon ya riga shi. Baba Direba ya gyara hularsa.

"Shekara talatin da biyar," ya ce. "Ban taɓa tare wa kowa hanya ba. Ba sai an fitar da ni ba, na san ƙofa."

Ya manta da sunkuyawa, ƙofa ta cire masa hula. Ya ɗauka, ya kaɗe, ya tafi.

Malama ta bi shi gida, ya ƙi sauraronta. Kunne ya je da yamma, ya durƙusa ya yi bayani cewa akwai wani direba a cikin kwamfuta. Tsohon ya ce wa jikarsa ta faɗa wa mai danne-danne ya nemi ƙaryar da ta fi wannan. Ya rage kwana ɗaya a yi aikin. Kunne ya dawo ya zauna a bencin shagona, ko allurata bai ce ta gaji ba. A nan na san abin ya kai masa.

Talata da hantsi Injiniya ta zo da jakarta. Da ta ji ɓarnar da bakinta ya yi, ta ce a kai ta wurin tsohon. Muka ɗunguma har da ni, na bar wandon mutane a keke. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ce, "Baba, ku yafe ni. Kowane ƙarfe a cikin kwamfuta yana da ɗan umarnin da ke tuƙa shi, shi muke kira direba. Na katin hoton nan ne ba shi da tarbiyya. Hanya ɗaya ce suke bi da sauti, shi kuma in ya hau ba ya sauka."

Tsohon ya kalle ta ta saman ido. "Babbar mota yake ja?"

"Babba ƙwarai."

"A siririyar hanya?"

"Siririya, Baba."

"Kuma ba ya duba madubi."

"Ko sau ɗaya."

Ya yi tsaki. "Wa ya ba shi lasisi?" Duk muka juya muka dubi Kunne. "Ai na sani. Ku tashi mu je in gan shi."

A ɗakin, Injiniya ta nemi sabon direban da zai dace da katin da kuma tsohuwar kwamfutar, babu. Ta ce zaɓi biyu ne: alluna ko waƙa. Kunne bai ko dubi allunan ba. Ta kashe kwamfuta, ta kwance murfi, ta sassauta ƙusa, ta ce Baba ya zare da hannunsa. Ya zaro katin, ya juya shi, ya hura fankokin.

"Taya uku," ya ce. "Dole ya yi hauka."

Aka jingina manyan alluna a bango, aka dawo da ɗan farantin nan. Kunne ya sa abin jinsa a kunne, ya kifa kai, ya rufe ido. Tsohon ya ɗauko waƙar, ta tashi, ta ja, ta hau tudu, ta gangara, sau ɗaya tak. Malama tana tsaye ta toshe bakinta da gyale don kada kukanta ya shiga.

Aka kunna. Tun daga farko babu ko ƙura, sai dab da ƙarshe, inda ya ja muryar sama: ƙas, guda ɗaya, ƙarami.

Injiniya ta zabura. Kunne ya ɗaga mata hannu, idonsa a rufe. "Wannan ba na kwamfuta ba ne," ya ce a hankali. "Zan iya goge shi."

"Kar ka taɓa," in ji Malama. "Haka yake yi tun muna yara."

"Lokacin da nake da haƙorana na gaske," in ji tsohon, "ya fi haka ƙara."

An yi aikin ranar Laraba, ya tashi lafiya. Muryar ce ta dawo 'yar siririya, sai ka matsa kusa kake ji. Katin hoton yana gidansa, ya hana a sayar, ya ce direban yana tsare. Manyan allunan kuma suna shagona, na ɗora musu yadi.

Kwanan baya tsohon ya zo karɓar ɗinki, Kunne ya kunna masa waƙar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yafito shi da hannu. Kunne ya sunkuya. Ni ban ji abin da aka ce ba, sai da tsohon ya tafi na tambaya.

"Ya ce a baiti na uku ya makara wajen canza giya."

"Shi ke nan?"

"Ya ce, 'Kai ma ka ji, ko, Kunne?'"