Saƙon da ya ce mini "ki"

Sunayen malamaina na jami'a da yawa sun ɓace mini, har lambar gidan da na zauna a Manchester sai na yi dogon tunani, amma akwai wata Laraba da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ranar ce harafi ɗaya tak ya hana a yi wa ubangidana ƙarƙaf.

Lokacin ina digiri na biyu, ina kuma taɓa aiki kwana uku a mako a wani sito da ke Cheetham Hill. Mai wurin wani Alhaji ne haifaffen zangon Kumasi, sana'arsa tattara kayan mutane ya tura musu Ghana da Nijeriya ta jirgin ruwa. Kekunan ɗinki, firji, kwamfutoci, akwatunan lefe, duk amanar jama'a ce jibge har rufi. Aikina karɓar kaya da manna suna da amsa imel, don a shekarun nan wayoyinmu kira da tes kawai suka iya.

Mutumin kirki ne na ƙarshe, sai dai Hausarsa ta hana ni sakat. A bakinsa babu mace a duniya. Matarsa ma "Hajiya ya tafi kasuwa" yake cewa. Ni kuwa tun ranar farko na zama "Kai, 'yar Kano, ka zo nan." Da yake ina da rawar kai irin ta ɗalibai, na ɗauki gyaransa aikin lada.

"Alhaji, mace ki ake ce mata."

"To, na ji. Ka yi haƙuri."

Haka muka shekara.

Shekara tara bai taɓa hutu ba, sai da Hajiya ta murza gashin baki, ta ce hutun makaranta na bana za su yi mako guda a gidan yayanta a Sparkbrook, can Birmingham. A gabana ta karɓe wayarsa ta kashe, ta jefa a jaka. Ya miƙo mini makulli kamar mai ba da 'yarsa riƙo, ya ce babu kwalin da zai fita sai ya dawo, jirgi sai mako na sama. Adireshin gidan ya manna a bango, wai ko gobara za ta tashi. Lambar waya kuwa Hajiya ta hana.

Ran Talata sai ga imel ɗinsa, layi biyu: "Hajiya ya riƙe waya. Ka riƙa turo labari ta nan." Na yi dariya, na san ya samo hanyar satar jiki.

Laraba da safe wani saƙon ya sake shigowa daga akwatin imel ɗinsa. "Salamu alaikum. Ki yi haƙuri, an matso da ranar lodi. Direba zai zo da azahar, ki ba shi kwamfutocin nan da kekunan ɗinki duka. Kada ki nemi kirana, Hajiya ta riƙe wayar."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mini murna ce. Na tafa ni kaɗai a ofis, na ce yau ɗalibina ya ci jarrabawa. Har na fara jan kwalaye zuwa bakin ƙofa ina waƙa. A kwali na uku ne na tsaya cak. Na koma na sake karantawa. "Ki" sau uku, ga kuma "Hajiya ta". Mutumin da jiya-jiya ya rubuta "Hajiya ya", a ce kwana ɗaya a Birmingham ya gyara abin da shekara hamsin ba su gyara ba?

Na shiga tsaka mai wuya. In saƙon gaskiya ne na ƙi, kaya su rasa jirgi, kwamfutocin da wata ƙungiya ta tara wa makarantar garinsu su makale, ni kuma aiki ya tafi. In ƙarya ne na bayar, sunan da Alhaji ya gina a cikin jama'a ya rushe ta hannuna. Kuma hujjata duka harafi ɗaya ce, wadda ko 'yan sanda na gaya wa sai sun yi mini kallon mai taɓin hankali.

Direban ya iso kafin azahar, wani Bature da farar mota, da alama hayarsa kawai aka yi ta waya. Na leƙo ta rabin ƙofa, na ce babu abin da zai fita sai mai wurin ya dawo. Ya ɗaga kafaɗa ya ja motarsa. Na buga saƙon a takarda, na garƙame sito, na nufi tashar bas da makulli a ƙasan jakata.

Bayan la'asar na sami gidan. Suna bayan gida a ɗan lambu, Alhaji sanye da jallabiya yana gasa nama, hayaƙi ya rufe masa fuska. Yana ganina ya saki cokali mai yatsu.

"Kai, me ka zo yi? Sito ya ƙone?"

Ban taɓa jin daɗin kalmar "ka" irin na lokacin ba. Na zauna a kan matakala ina dariya har da hawaye, suka zagaye ni suna tambayar lafiya. Na miƙa masa takardar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali, ya ce, "Wannan ba ni ba ne. Ni ina na iya Hausar rediyo?"

Hajiya ta kama ƙugu. "To ni tambayata, a ina kake tura email, tunda phone ɗinka na jakata?"

Nan asiri ya tonu. Ashe in ya fita sallar azahar, sai ya ratse wani shagon intanet a Stratford Road ya sayi rabin awa. Na tambaye shi ko ya fita daga akwatinsa kafin ya tashi.

"Na kashe mana. Na danna maɓalli, screen ya yi baƙi ƙirin."

Allon kawai ya kashe. Wanda ya zauna bayan tashinsa ya kunna, ya tarar da komai a buɗe: sunana, jerin kayan sito, har labarin wayar. Ya ga sunan mace, ya rubuta Hausa mai kyau. Abin ya yi mini ciwo da na gane ɗan wajenmu ne, kuma har yau ban san ko wane ne ba.

A kwamfutar gidan muka canza kalmar sirri, wadda ashe sunan kamfanin ce kawai, shi ya sa ɓarawon bai sha wahalar sake shiga washegari ba, muka duba ko an aika wa wasu irin saƙon, yayan Hajiya ya kira 'yan sanda ya ba da rahoto. Sannan aka zubo mini wake da shinkafa irin na Ghana da nama mai zafi. Hajiya ta mayar masa da wayarsa bisa sharaɗin kira ɗaya a yini. Yaran gidan suka yi ta tsokanar Alhaji, suna danna maɓallin talabijin suna cewa da Turancinsu na Birmingham sun kashe duniya, shi ma yana taya su dariya.

Da zai raka ni bas ya ce, "'Yar Kano, ka ga amfanin Hausata? Daga yau kada ka ƙara gyara mini." Ban ƙara ba.

Yanzu ina da nawa ɗan kamfanin. In zan tafi hutu ba na buɗe saƙon aiki a na'urar da ba tawa ba, ina barin lambar da za a same ni, kuma na gaya wa ma'aikatana duk saƙon da ya zo da gaggawa yana hana su kirana, to a lokacin ne ya wajaba su kira. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ɓarawo yana iya samun kalmar sirrin mutum ya yi magana da sunansa, amma wanda ya zauna da shi ne kaɗai ya san yadda yake kuskure.