Tantan ɗin Malam Bawa da Bijimansa Biyu

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni mutum ne da in ya ga jama'a sun taru, sai bakinshi ya yi gaba ya bar hankalinshi a baya. Aji biyu na yi a elemantare na gudu, amma in ina bayanin inji sai ka rantse daga Ingila na sauka jiya. Akwai ranar da ba ta fita raina, ranar da wannan hali ya yi tsada, kuma ba ni na biya ba.

Lokacin ina fita, wato makanikin da ya wuce lebura amma bai kai foman ba, a garejin ma'aikatar gona na Ƙanƙara. Mu ke duba tantan-tantan da gwamnati ke ba manoma haya, daga nan har Faskari da Sabuwa. Shekarun kuɗin mai ne. Ku da kuka zo yanzu ba za ku gane ba. In fistan ya ɗan yi zane, ba a tsayawa shawara, sito ake zuwa a ɗauko sabo cikin kwalinshi, tsohon a jefa bayan katanga. A nan na koyi aiki, inda ba wanda ya taɓa tambayar nawa ne abu.

Kayan inji iri biyu ne. Akwai na kamfani, wanda masu injin suka ƙera da kansu, sai an aika Kaduna a jira. Akwai na kasuwa, wanda wasu suka kwaikwaya, ana samu a Funtuwa ko yaushe, kuɗinshi bai kai rabin wancan ba. A cikin na kasuwa akwai mai kyau, akwai wanda ko kare ba za ka jefa da shi ba. Ni dai duka na haɗa na raina, don ban taɓa saye da aljihuna ba.

Ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗowa, aka aiko mani daga Mabai. Wani dattijo, Malam Bawa, ya sayi ƙaramar tantan a gwanjon gwamnati da kuɗin audugarshi, ta yi mashi damina ɗaya, injin ya buga. Foman ɗinmu, Malam Isa, ya ba ni izini in je ran Asabar, har ya ce zai raka ni don yana da 'yan uwa can.

Tantan ɗin tana ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa kusa da masallaci. Na buɗe ta, na ga abin da ya faru, sai ga mutane sun fito daga sallar Azahar sun kewaye ni. Nan shaiɗanina ya tashi. Na ɗaga fistan sama kamar mai tallar magani.

"Baba, injin nan sai an sauke shi gaba ɗaya. Kuma ni, kowa ya sani, ba na taɓa kayan kasuwa. Wannan na masu neman araha ne. Mai mutunci na kamfani yake sawa."

Na faɗi kuɗin da ƙarfi, don na baya su ji. Malam Bawa ya dubi ƙasa, ya gyara hularshi, ya ce, "To, a yi yadda ya kamata."

Na koma gida ina jin kaina babban mutum.

Ranar kasuwar Ƙanƙara, da hantsi, ina kwance ƙarƙashin wata garma, Malam Isa ya zo ya zunguri ƙafata.

"Garba, fito. Ka san wanda ke zaune a hannun daman Malam Bawa ran nan?"

"Wani tsoho mai carbi."

"Surukinshi ne, uban mijin ɗiyarshi. Kai a garinku dattijo na cewa ba ni da shi a gaban suruki?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Yanzu na wuce Malam Bawa a hanya, shina kora bijiman huɗarshi zuwa kara, kasuwar shanu. Kayan Kaduna kuwa ka fi ni sanin ba za su iso ba sai shuka ta wuce. Ba tantan, ba shanu. Da me zai yi huɗa, da bakinka?"

Ban ko wanke hannu ba na hau babur. A kara, in dillali ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa aka ce an sallama, magana ta ƙare, ko sarki ba ya tada ta. Ina ta kutsawa cikin shanu da baƙin mai har gwiwar hannu, Fulani na kauce mani don kada in ɓata masu riga. Na hango shi tsaye da igiya ɗaya a hannu. Bijimi ɗaya, mai farin goshi. Ɗayan, ja, wani mahauci na jan shi can gaba.

Na bi mahaucin na roƙe shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai makaniki ne ko dillali?" Na dawo wurin Malam Bawa na ce ya sa baki, ƙila a ji nauyinshi. Ya ce, "Na sallama, yaro. Ba na cin amanar bakina."

Na ja shi bayan kara, inda ba kowa sai wata mai fura, muka tsuguna. A nan na faɗa mashi abin da ya kamata in faɗa tun farko. Zoben fistan da metal, wato 'yan ƙarafan da ke rungume da karanshaf, waɗannan a sa na kamfani, don su ke shan wuya, kuma akwai mai shago a Funtuwa da ke ajiye su. Gaskit da silif da sauran tarkace, na kasuwa mai kyau ya isa. Karanshaf kuma ba sai sabo ba, a kai a goge shi. Kuɗin bijimi ɗaya zai ɗauki wannan har ya yi saura.

Ya daɗe yana kallona. "To me ya hana ka faɗi haka ran nan?"

"Baba, mutane ne suka yi yawa, bakina ya yi daɗi."

Sai ya yi dariya, ƙaramar dariya, har ya share ido da bakin riga. Ya sayi fura ya miƙo mani ludayi. Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Malam Isa ya ba ni hutun da ban cancanta ba. Na ɗaure karanshaf a bayan babur na tafi Funtuwa. A shagon kayan kasuwa na zauna ina ɗaga gaskit ɗaya bayan ɗaya ina duba su a rana, ina tayawa kamar mai sayen akuya, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aiki. Mai shagon ya ce, "Yau ma'aikacin gwamnati ne ke neman ragi?" Na ce mashi yau kuɗin na da mai shi.

A ƙarƙashin ɗorawar nan na haɗa injin. Mutane sun taru kamar da, amma wannan karon na kama bakina, sai da surukin ya tambaya ko ba ni da lafiya. Ruwan shuka ya sauka ina ɗaure kan inji. Da na murza makulli ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta yi shiru. Na fitar da iskar da ta shiga bututun mai, na sake murzawa, ta kama. Malam Bawa ya dafa mata bonet kamar mai dafa wuyan doki. Gonarshi ta samu huɗa a kan lokaci, ta surukin ma haka.

Abin da nake gaya wa yaran gareji tun daga nan ke nan. Sanin wane ƙarfe ya fi wane ba shi ne wahalar aikinmu ba. Kafin ka faɗi kuɗi, dubi wanda ke zaune kusa da mai injin. Ka ja shi gefe, ka ba shi hanya biyu ko uku, ka bar shi ya zaɓa inda ba mai jin shi. Mutanenmu sun gwammace su sayar da abin da ke ciyar da su da a ji sun ce ba su iya ba.

Da kaka ta yi, Malam Bawa ya aiko in je in karɓi damin dawa. Na same shi a bayan gida yana zuba wa mai farin goshin harawa. Bai sayi wani ba, bai kuma sayar da wannan ba, ga shi bijimi ɗaya ba ya jan garma. Karkiyar tana jingine a jikin rumbu. Da ya gama ci, sai bijimin ya taka a hankali ya je ya tsaya kusa da ita, can gefe guda.

Malam Bawa ya ce, "Ka gan shi? Har yau hagu yake tsayawa, shina bar wa ɗan'uwanshi wurinshi."